RANAR LAHADI A BIRNIN KEBBI: YADDA MAJAMI'AR KATOLIKA KE ZAMA DANGIN WANDA AIKI YA RABA DA GIDA

DUK ma'aikacin Gwamnati ya san abin da takardar taransifa takan jawo wa mai ita. A cikin mako guda sai mutum ya ɗaure kayansa, ya bar iyaye da abokan wasa, ya sauka a garin da bai san kowa ba, inda ba shi da mai tsaya masa ran suna, balle mai kama masa makara ran mutuwa. Tun daga ran 27 ga watan Agusta 1991, lokacin da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi daga tsohuwar Jihar Sakkwato aka kuma mai da Birnin Kebbi hedkwatarta, garin bai daina karɓar irin waɗannan baƙi ba. Akwai ma'aikatan ofisoshi da ke zaune a rukunin gidajen Gesse na ɗaya da na biyu, da malaman asibiti, da sojojin barikin Dukku, da 'yan sanda, da 'yan kasuwa, da ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru, da kuma matasa masu yi wa ƙasa hidima.

Idan baƙon Musulmi ne, masallacin unguwa yakan karɓe shi tun daga sallar farko, kafin mako ya zagayo an san fuskarsa. Idan kuwa Kirista ne ɗan ɗarikar Katolika, to, abin da yake nema shi ne farish, watau jama'ar masu bi ta wani yanki wadda Bishop ya danƙa wa firist guda, wanda ake kira Fada. A Birnin Kebbi majami'ar Saint Dominic ita ce sananniyar matattarar wannan jama'a. Da yawa daga cikin maƙwabta suna ganin masu zuwa can kowace safiyar Lahadi, amma kaɗan ne suka san abin da ake yi a ciki, ga shi kuwa Hausawa sun ce rashin sani ya fi dare duhu.

ASALIN ABIN

Sunan majami'ar kansa yana ɗauke da tarihi. Dominic wani malamin addini ne ɗan ƙasar Sifen, wanda ya kafa ƙungiyar masu wa'azi da Fafaroma ya amince da ita a shekarar 1216. 'Yan wannan ƙungiya daga Amurka su ne aka ba riƙon aikin Katolika a lardunan Sakkwato da Katsina bayan an keɓe yankin daga Kaduna a shekarar 1953. Sun fara kafa sansaninsu a Gusau, inda jirgin ƙasa ya tara ma'aikata daga kudu. A shekarar 1964 aka ɗaukaka yankin ya zama cikakkiyar Dayosis ta Sakkwato, Edward Lawton ya zama Bishop na farko. Bayan rasuwarsa a 1966 sai Michael Dempsey ya gaje shi a 1967, sa'an nan Kevin Aje, ɗan Nijeriya na farko a kan kujerar, daga 1984, kana aka naɗa Matthew Hassan Kukah a 2011.

Birnin Kebbi da Argungu da sauran garuruwan kwarin Rima suna ƙarƙashin wannan Dayosis ne, amma kudancin jihar, wajen Zuru da Yawuri, yana bin Dayosis ta Kwantagora. A shekarar 2023 kuma aka yanke Katsina ta zama Dayosis mai zaman kanta, aka naɗa mata Bishop Gerald Mamman Musa, Bahaushe ɗan Malumfashi.

A cikin wannan tarihi akwai shekarar da dattawan ɗarikar ba su mantawa da ita. Lokacin tarzomar 1966 da yaƙin basasa da ya biyo baya, mutanen Gabas suka kwashe suka koma gida, majami'un garuruwan Arewa masu yawa suka zama kusan wayam. Daga nan aka gane cewa jama'ar da ta dogara ga baƙi kaɗai tana iya watsewa a mako guda, domin baƙo raɓa ne. Shi ya sa aka ƙara mai da hankali ga harshen Hausa, da horad da 'yan ƙasa, da kafa ƙungiyoyin da za su ɗaure mutum da wurin da yake zaune.

SAFIYAR LAHADI

Ginshiƙin rayuwar farish shi ne ibadar da suke kira Mas. A bisa dokar ɗarikar, halartarta ran Lahadi wajibi ne a kan kowane baligi, sai fa mai uzuri kamar rashin lafiya ko jinya. A da can da harshen Latin ake yin ta, amma babban taron Bishop-Bishop na duniya da aka yi a Batikan daga 1962 zuwa 1965 ya ba da izinin amfani da harsunan jama'a. Saboda haka a majami'un Arewa akan yi da Turanci, akan kuma yi da Hausa. Hausar nan ita ce takan haɗa mutumin Zuru da na Kudancin Kaduna da na Filato a benci guda, alhali kowannensu da harshen da ya tashi da shi a gida.

Mas kashi biyu ce. A kashi na farko ana karatu uku daga Littafi Mai Tsarki, tare da rera Zabura a tsakani, sa'an nan Fada ya yi wa'azi. Ba shi ne yake zaɓen ayoyin ba, akwai tsari na shekara uku da ake bi a duniya baki ɗaya, har ya zama abin da aka karanta a Birnin Kebbi yau shi aka karanta a Legas da Roma. A kashi na biyu ana kawo gurasa marar yisti da ruwan inabi a kan bagadi, Fada ya yi addu'a a kansu. A bisa imanin Katolika, daga wannan lokaci sun zama jiki da jinin Yesu Almasihu, shi ya sa ba a ba kowa sai wanda aka yi wa baftisma aka kuma shirya shi, wanda ya kame bakinsa daga ci na tsawon sa'a guda kafin karɓa.

Kafin a tashi akwai sanarwa, wadda a wurin baƙo ta yi daidai da jaridar gari. A nan ake jin wanda aka yi wa haihuwa, da wanda ke kwance a asibiti, da wanda ya rasu, da masu niyyar aure. A farish da yawa akan nemi sababbin zuwa su miƙe a gan su, kafin su kai bakin ƙofa kuwa mutanen garinsu sun tare su.

SAKRAMENTI BAKWAI

Bayan ibadar mako-mako, akwai ibadu bakwai da ake kira sakramenti, waɗanda suke raka mutum daga haihuwa har zuwa gadon mutuwa. Na farko baftisma, wadda akan yi wa jariri da ruwa, tare da uban baftisma ko uwar baftisma da suka ɗauki alkawarin sa ido a kan tarbiyyarsa. Wanda ba shi da ɗan'uwa a gari, a cikin farish yake samun wanda zai tsaya wa ɗansa, daga nan kuma zumunci ya ƙullu tsakanin gidaje biyu. Na biyu tabbatarwa, wadda galibi Bishop ne da kansa yake zuwa daga Sakkwato, tafiyar kimanin kilomita 150, ya shafa wa matasa mai a goshi. Na uku shi ne karɓar gurasar nan da aka ambata, wadda yaro ba ya fara karɓa sai ya yi hankali ya kuma ci jarrabawar katikizim.

Na huɗu furta zunubi. Mutum yakan je wurin Fada shi kaɗai, ya faɗi laifinsa, ya nuna nadama, a ɗora masa abin da zai yi na tuba. Doka ta wajabta wannan aƙalla sau ɗaya a shekara, ta kuma haramta wa Fada tona abin da ya ji ko da za a kashe shi, wanda ya tona kuwa ya fitar da kansa daga cikin jama'ar ikilisiya nan take. Na biyar shafa wa majiyyaci mai, abin da yakan sa a ga Fada a asibiti da tsakar dare. Na shida naɗin firist, wanda ba ya samuwa sai bayan karatun shekaru masu yawa a makarantu irin na Saint Augustine da ke Jos da Good Shepherd da ke Kaduna. Na bakwai aure, wanda ake ɗaurawa a gaban Fada da shaidu biyu, bayan an yi shela a majami'a, a al'adance Lahadi uku a jere, domin duk mai ƙorafi ya fito. Mace ɗaya ce, kuma babu saki.

Akwai wani abu a nan da zai ba ma'aikatan ofis sha'awa, watau rajista. Duk wanda aka yi wa baftisma ana rubuta sunansa a littafin farish ɗin da aka yi masa. Idan daga baya ya yi aure a wani gari, sai a aika da takarda can a rubuta a gefen sunansa. Alal misali, ɗan Binuwai da aiki ya kawo Gesse, in ya tashi aure, sai an nemo shaida daga ƙauyensu cewa bai bar wata matar a gida ba. Ta haka fayil ɗin mutum yake binsa duk inda taransifa ta kai shi.

MASU RIƘE DA GIDA

Fada ɗaya ba ya iya kai wa ko'ina, musamman da yake farish guda takan haɗa da ƙananan majami'u na ƙauyuka da barikoki. Inda bai samu zuwa ba, katikis ne yake jagorancin addu'a da karatu, shi ne kuma mai koya wa yara, mai shirya masu aure, mai tsayawa a kan jana'iza. Ba shi da ikon yin Mas, amma shi ne ya san gidan kowa. Domin horad da irin waɗannan malamai da Hausa ne aka kafa makarantar katikis a Malumfashi.

Sai kuma ƙungiyoyi. Zumuntar Mata, wadda aka sani a duk faɗin Arewa da anko da waƙoƙin Hausa da kiɗan tulu, ita ce takan fara isa gidan haihuwa da gidan makoki, da tukunya da itace. Akwai ƙungiyar maza, da ta matasa, da ta mawaƙa. Akwai ƙungiyar Saint Vincent de Paul, wadda aka kafa a Faris ta ƙasar Faransa a 1833, aikinta shi ne ziyartar matalauta da fursunoni ba tare da tambayar addininsu ba. Idan ma'aikaci ya rasu nesa da gida, waɗannan ƙungiyoyi ne suke haɗa kuɗin mota su raka gawa, su kuma tallafa wa matar har ta san inda za ta sa kanta.

Duk wannan da kuɗin baiko ake yin sa, domin farish ba ta cikin kasafin kuɗin Gwamnati. Babbar ranar tara kuɗi ita ce bikin godiya na kaka, inda kowane gida yake rawa zuwa gaban bagadi da buhun shinkafa ko doya ko akuya, daga baya a yi gwanjonsu. Dokar ikilisiya ta 1983 ta wajabta wa kowace farish ta kasance da kwamitin kuɗi na 'yan majalisa, don kada lissafi ya zauna a hannun mutum ɗaya.

ZAMAN TARE

Amma duk wannan tsari a kan zaman lafiya yake tsaye. A farkon shekarar 2020 'yan bindiga sun sace Michael Nnadi, matashin da Dayosis ta Sakkwato ta aika karatun firist a Kaduna, suka kashe shi. A watan Mayu 2022 kuma, bayan kisan wata ɗaliba a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari, tarzoma ta taɓa babbar majami'ar Holy Family da ke Sakkwato, Gwamnati ta sa dokar hana fita, Bishop ya dakatar da Mas a cikin birnin har aka ɗage dokar. Majalisar Sarkin Musulmi da Bishop duk sun yi tir da kisan, sun kuma yi kira ga jama'a a kwantar da hankali. Ba yau suka fara zama a tabarma guda ba, domin Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar da Bishop Kukah duka suna cikin kwamitin zaman lafiya na ƙasa da Janar Abdulsalami Abubakar ya jagoranta tun zaɓen 2015. Ita kanta ɗarikar, a wata takarda da taron Batikan ya fitar a watan Oktoba 1965, ta umurci mabiyanta su dubi Musulmi da girmamawa, su manta da gabar da ta wuce.

Abin da manya suka ƙulla a sama, a unguwa ake gwada ƙarfinsa. A wurare irin su Gesse, inda katanga ɗaya ta raba gidan Musulmi da na Kirista, naman layya yakan tsallaka da Sallah, shinkafar Kirsimeti ta tsallako a watan Disamba, 'ya'yansu kuma a aji ɗaya suke. Malamar asibitin da ta sami dangi a farish ba ta saurin neman a mai da ita gida, malamin makarantar da aka yi wa 'ya'yansa baftisma a garin yakan fara tunanin sayen fili. Ashe ke nan ribar ba ta tsaya ga masu zuwa majami'a kaɗai ba, har da jihar da ke bukatar ma'aikatan da za su zauna.

Ya rage ga ɗalibai da ma'aikata, waɗanda gobe su ma takarda za ta iya jefa su Inugu ko Kalaba su shiga neman masallaci, su riƙa tambayar maƙwabcinsu yadda ya wayi gari. Zumunta dai a ƙafa take.