Hoton kusa: abin da ɗan kasuwa zai duba kafin ya sayi kamara

Hausawa sun ce gani ya kori ji. A yau, daga Maraɗi zuwa Jibiya, daga Ƙonni zuwa Illela, ciniki da yawa a hoto yake farawa. Mai sayen ɗan kunnen zinariya yana son ya ga hatimin da ke jiki, mai sayen shadda yana son ganin saƙa, dillalin wake kuwa so yake ya tabbatar ƙwaro bai huda ba. Hoto ya yi dishi-dishi, ciniki ya tafi wurin wani.

Masu sana'ar hoto suna auna girman hoton kusa da lissafi. Idan aka ce 1:1, ana nufin surar abu ta sauka a kan sensa, wato farantin da ke karɓar haske a cikin kamara, daidai da girmansa na zahiri.

To, sensa iri-iri ce. Babbar tana da faɗin milimita 36, matsakaiciya wajen 23, ta kamarorin Olympus da wasu na Panasonic kuma 17. Ɗauki ɗan kunne mai faɗin milimita 20. A babbar sensa zai ci fiye da rabin hoto kaɗan, a matsakaiciya ya kusa cika shi, a ƙaramar kuwa ba zai shiga duka ba. Gilashin bai ƙara masa girma ba, filin ne ya ragu. Ke nan ba dole sai kamara mai tsada ba.

Sai lambar da ke jikin gilashi, kamar 60mm ko 100mm. Wasu na zaton babbar lamba ta fi girmama abu. Ba haka ba ne. In dai gilasan hoton kusa ne, duka biyun suna kai 1:1. Bambancin shi ne tazara: mai 100mm yana barin kusan santimita 15 tsakanin bakinsa da kaya, mai 60mm kuwa sai ka matsa sosai, har inuwarka ta rufe kayan.

Wanda ke da gilashi na yau da kullum yana iya sayen zoben da ake sawa tsakanin gilashi da kamara. A nan gajeren gilashi ya fi cin riba: zobe mai milimita 25 yana ƙara wa gilashin 50mm rabin girma, amma mai 100mm kwata kawai.

Masu wayar salula su lura. Wasu wayoyi, irin iPhone 13 Pro ta 2021, suna ɗauka daga santimita 2, sai dai wayar kanta ke tare haske. A fita bakin rumfa inda haske yake, a ɗora hannu bisa tebur, domin a wannan kusanci wurin da ke fitowa tangaran bai wuce milimita ɗaya ko biyu ba.

Kafin ka biya kuɗi, ka ɗauki hajarka da kamarar, ka gani da idonka. Allah ya ba da kasuwa.