Karatun Fanni Uku a Digiri Ɗaya

Akwai wata al'ada ta jami'o'in Turai da ya kamata mu duba yau, watau haɗa wa ɗalibi fanni biyu ko uku a cikin digiri ɗaya. Mafi shahara a cikin irin wannan karatu shi ne wanda Jami'ar Oksfod ta Ingila ta kafa a shekarar 1920, ta haɗa falsafa da siyasa da tattalin arziki, ana kiransa da haruffan nan uku, P.P.E.

Ruwa ba ya tsami banza. Kafin wannan lokaci, karatun da ya fi daraja a Oksfod shi ne na harsunan Girkanci da Latin, tare da tarihin mutanen dā da falsafarsu, kuma daga cikin waɗanda suka sauke shi ne Ingila ta kan ɗebi manyan ma'aikatanta. To, da Yaƙin Duniya na Farko ya ƙare a 1918, sai waɗansu malamai suka ga zamani ya juya. Wanda za a damƙa wa baitulmali, ko sasanta ma'aikata da masu masana'antu, labarin sarakunan Rum ba zai ishe shi ba. Suka lura kuma al'amarin mulki ba ya zuwa a fanni guda. In Gwamnati za ta ƙara haraji, masanin tattalin arziki zai faɗi abin da za a samu, masanin siyasa zai faɗi ko majalisa da talakawa za su yarda, mai falsafa kuwa zai tambaya ko an yi adalci. Tambaya uku ke nan a kan al'amari ɗaya, alhali kuwa mutum ɗaya ne zai sa hannu.

Ga yadda tsarin ya ke. Karatun shekara uku ne. A shekarar farko ɗalibi zai taɓa fannonin nan duka, sa'an nan a sauran shekaru biyu yana da iko ya ajiye ɗaya ya zurfafa a biyu, ko ya ci gaba da ukun. Kowane mako kuma sai ya rubuta maƙala, ya zauna gaban malaminsa shi da abokin karatu ɗaya ko biyu, ya kāre abin da ya rubuta.

Waɗanda suka sha wannan ruwa ba su ɓoyu ba. Harold Wilson, wanda ya zama Firayim Ministan Birtaniya a 1964, da Edward Heath da ya karɓa daga hannunsa a 1970, da David Cameron, da Liz Truss, da Rishi Sunak, duk karatunsu ke nan. Haka Benazir Bhutto da Imran Khan na Pakistan, haka Kofi Busia wanda ya yi Firayim Ministan Gana daga 1969 zuwa 1972.

Ɗaya daga cikin malaman da suka tsaya wa wannan shiri, A. D. Lindsay, bai tsaya nan ba. A 1949 ya jagoranci kafa wata kwaleji a ƙauyen Keele, wadda ta zama cikakkiyar jami'a a 1962. A can aka mai da karatu shekara huɗu, aka keɓe shekarar farko domin kowa ya ɗanɗani kimiyya da adabi da tarihi, kafin ya zaɓi fanni biyu. Daga baya wannan shekara ta daina zama tilas, amma haɗa fanni biyu ya zauna.

Sai dai fa ba a rasa masu suka ba, kuma maganarsu ba ta banza ba ce. Su kan ce taura biyu ba ta taunuwa, balle uku. Ɗalibin da ya saba karanta littafi ranar Litinin ya yi jayayya a kansa ranar Alhamis, zai fito da kaifin baki da saurin amsa, amma saninsa na iya zama sanin shanu. Irin wannan kuwa ya fi jahili haɗari, domin jahili ya kan nemi shawara, shi kuwa yana zaton ya sani. Masu sukar sun sami abin nuni a 2022, lokacin da gwamnatin Liz Truss ta sanar da rage haraji mai yawa ba tare da nuna inda za a cike giɓin ba, fam ɗin Ingila ya faɗi warwas, ita kuma ta sauka ba ta cika wata biyu ba. Ba za mu ɗora wa makaranta laifin ɗalibi ɗaya ba, amma talakan da bashin gidansa ya ƙara tsada shi ya ji a jikinsa.

Abin da mu ka fahimta shi ne, amfanin wannan karatu ba ya cikin yawan fannoni. Almajirin zaure ma ya san ba ya karanta nahawu don ya ƙidaya littattafai, sai don nahawun ya buɗe masa abin da ya ke karantawa a wani fanni. Haka nan, in falsafa ba ta tuhumi lissafin tattalin arziki ba, lissafin kuma bai taka wa siyasa burki ba, to, an tara guntaye uku ne kawai aka ba su suna ɗaya.

Sabo da haka, uban da ɗansa ya zo masa da takardar irin wannan digiri, ya tambaye shi abu biyu: wane fanni ne zai riƙe har ya ƙware, kuma a wane darasi ne za a zaunar da fannonin wuri ɗaya a kan matsala guda? In jami'a ta amsa waɗannan, madalla. In ba ta amsa ba, gara fanni ɗaya da aka iya.