Yadda tauraron ɗan adam ke auna iskar teku kafin a kafa injinan wuta

Iskar da ke kaɗawa bisa teku ta fi ta tudu ƙarfi, kuma ba ta yawan yankewa. Shi ya sa ƙasashe ke kafa injinan iska masu farfela a cikin ruwa don samar da wutar lantarki. Denmak ce ta fara a 1991, a Vindeby. Faransa ta buɗe tasharta ta farko a 2022 kusa da Saint-Nazaire, mai injina 80 da ƙarfin megawat 480.

Kafin a zuba kuɗi, sai an san iskar wurin da kyau. Idan gudun iska ya ninka sau biyu, ƙarfin da ke cikinta yakan ninka sau 8. Kuskuren kashi 10 cikin 100 wajen aunawa na iya zama kusan kashi 30 a lissafin ƙarfin. Kafa hasumiyar awo a tsakiyar ruwa kuwa yana da tsada sosai.

Nan ne tauraron ɗan adam ke da amfani. Ba ya ganin iskar kanta, sawunta yake bi. Sentinel-1 na Turai, wanda aka fara harbawa a 2014, yana aika siginar rada zuwa fuskar teku. Inda ruwa yake kwance, siginar kaɗan ce ke komowa. Inda iska ta yamutsa shi, takan komo da yawa. Daga nan ake lissafa gudun iska a tsayin mita 10 bisa ruwa, dare da rana, ko da akwai gajimare.

Sai dai awon yana da iyaka. Tauraron yakan bi ta wuri ɗaya bayan kwanaki, kusan a sa'a ɗaya, alhali farfelar injinan yau tana juyawa sama da mita 100. Saboda haka aikinsa shi ne nuna inda ya cancanci a je. Daga baya kamfanoni kan ajiye na'urar awo bisa ruwa, ta yi aƙalla shekara guda.

A Afirka ta Yamma, taswirar iska ta nuna gaɓar Muritaniya da arewacin Senegal ta fi ta Najeriya da Benin iska nesa ba kusa ba. Nijar ba ta da teku, kuma maƙwabtanta na kudu da take haɗa layin wuta da su suna ɓangaren da iskar ba ta da ƙarfi. Mai jiran sauƙin ɗauke wuta a Maraɗi ko Damagaram, hasken rana ya fi masa kusa.