RUWAN PAMPO DA TSOFFIN GIDAJEN ƘASA A GURE

Hausawa na cewa ruwa abokin aiki ne. Magina kuwa sun san babu abin da ke kada katangar ƙasa kamarsa.

Gure, babban garin ƙasar Muniyo tun zamanin Muniyoma Koso cikin ƙarni na 19, na gabas da Damagaram bisa hanyar Diffa. Tsoffin gidajensa an gina su ne lokacin da ruwa ke shiga gida cikin tulu. Mata su ɗebo a rijiya, su zuba a randa. Makewayi yana can ƙarshen gida, indararo kuma na fid da ruwan sama nesa da gindin gini. Ruwa kaɗan ke shiga, rairayi ya shanye saura.

Ƙarancin ruwa tsohuwar matsala ce a wannan jiha. Yana cikin dalilan da suka sa aka ɗauke babban birnin ƙasa daga Damagaram zuwa Yamai a 1926. Bayan samun mulkin kai, gwamnati ta kafa OFEDES a 1963 domin gina rijiyoyi. Ruwan birane ya zamo a hannun NIGELEC, sa'an nan SNE daga 1987, SEEN daga 2001, NDE daga 2024. Da aka kafa shato, ruwa ya fara isa pampunan unguwa, ƴan ga-ruwa na kai shi gida-gida, kafin masu hali su jawo tiyo har tsakar gidajensu.

A nan ne tsohon gida ya gamu da baƙon da ba a gina shi dominsa ba. Tiyon da aka binne cikin bango, in ya tsage, ba ya nuna kansa sai laima ta ci gindin katanga. Ruwan wanka da wanki ya ƙaru, magudana ba ta ƙaru ba. Salga takan cika da wuri, ta gurɓata rijiyar da ke kusa. Ruwan kwata kuma ya zama matattarar sauro.

Saboda haka ya kamata magidanta su bar tiyo a fili inda ido ke ganinsa, su kafa pampo nesa da bango bisa daɓen siminti, su gina ramin tsotse ruwa cike da duwatsu. Wanda ya rufe pamponsa ya ga kwantar na juyawa, ya nemo mai gyara ran nan. Hakkin hukumomin gari da malaman yaƙi da jahilci ne su yaɗa wannan bayani, domin rigakafi ya fi magani.