Ƙwaron da ke saƙa zaren tsamiya

Duk wanda ya saba kallon hawan Sallar Gani a Daura, da wuya a ce bai taɓa ganin babbar riga mai aikin tsamiya ba. Sai dai mutane ƙalilan ne suka san cewa tsutsar wani ƙwaro ce ke saƙa wannan zare a daji.

Ƙwaron ɗan uwan malam-buɗe-littafi ne, amma da dare yake yawo. Masana sun rubuta shi a 1887, yanzu suna kiransa Epanaphe moloneyi, sunan da ya samo daga Alfred Moloney, gwamnan Legas na lokacin. Fukafukansa farare ne da ratsin ruwan ƙasa, jikinsa kauri da gashi. In ya sauka sai ya kwantar da fukafukan a bayansa kamar jinkar ɗaki, alhali malam-buɗe-littafi yakan ɗaga nasa sama ya haɗe su. A kuma duba 'yan ƙahonnin kan ƙwaron: nasa gashi-gashi ne, babu ƙulli a ƙarshe.

Tsutsar ta fi uwar sauƙin ganewa. Gizaka ce mai cin ganyen tsamiya da doka da damina, tana tafiya gungu-gungu, kuma gashinta na sa ƙaiƙayi, don haka a hana yara taɓawa. In sun ƙoshi, sai su taru su saƙa gida ɗaya, kowace da ɗakinta. Wannan gidan ake cirowa a dafa da ruwan toka, a kaɗa shi da mazari kamar yadda ake yi wa auduga.

A ganina, aikin da ke gabanmu shi ne rubuta bayanan ƙwaron, domin gatarin mai gawayi da ke sare itatuwan nan ba ya jira. Malamin makaranta a Baure ko Zango, ko ɗalibi a Mai'adua da Sandamu, yana iya rataya farin zane kusa da itacen tsamiya bayan isha'i, ya haska shi da fitila mai caji, ya ɗauki hoton abin da ya sauka da wayarsa. Ya rubuta rana, gari da irin itacen. Hoton da ba rana ba wuri amfaninsa kaɗan ne. In akwai data, ya ɗora a shafin iNaturalist, inda masana ke taimakawa wajen tantance suna. Tsofaffin masu ɗinkin hannu ma a tambaye su inda suke samo zaren a da.