Man ido a sa'ar farko ta haihuwa

Jama'a masu saurare, na Yelwa da Shanga da Wara, da mutanen tungaye da gungunan bakin tafkin Kainji. Shirinmu na yau a kan man ido ne, ɗan bututun nan na tetirasaikilin da kusan kowane kemis ke sayarwa. Muna yawan neman sa idan afolo ta shigo gari, alhali afolo cutar bairos ce, man ba ya kashe ta. Inda yake da babban aiki kuwa, wato idon jariri a sa'ar farko bayan haihuwa, nan ne muka fi sakaci da shi.

Jariri kan ɗebo ƙwayar cuta daga mafitar haihuwa idan uwa na ɗauke da ciwon sanyi, kuma mace na iya ɗauke da shi ba tare da wata alama ba. Tsakanin kwana 2 zuwa 5 sai fatar idon ta kumbura ta rufe, in an buɗa mugunya ta tsiyayo, a goge ta sake taruwa. Wannan ƙwayar na iya cinye baƙin ido har ta huda shi cikin kwana ɗaya ko biyu, kafin ma a yanka ragon suna. A ƙarni na 19 wannan ciwo ne ya kai yara da yawa makarantun makafi na Turai, har wani likita a birnin Leipzig na Jamus, Carl Credé, ya nuna a 1881 cewa ɗigon magani a idon kowane jariri yana rage shi ƙwarai. Shi ruwan sinadarin azurfa ya yi amfani da shi, mai zafi da sa ido ja. Yau Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da man tetirasaikilin mai ƙarfin kashi 1 cikin 100 domin wannan aikin.

Sa shi ba wuya. Mai karɓar haihuwa ta wanke hannu da sabulu, ta share fatar idon da auduga mai tsabta daga wajen hanci zuwa gefe, kowane ido da tasa audugar. Ta ja fatar ƙasa a hankali, ta matsa man kamar tsawon ƙwayar shinkafa, bakin bututun kada ya taɓa ido. Sau ɗaya ke nan, kuma ba a wanke shi.

Wani magidanci zai ce wannan cin fuska ne ga iyalinsa, me ya haɗa su da ciwon sanyi? Ai saboda haka ne ake sa wa kowane jariri, ɗan sarki da ɗan masunci, ba tare da an tambayi kowa tarihinsa ba. Kakanni kuma za su ce da tozali da nonon uwa suka raini 'ya'yansu, kuma ga su nan garau. Gaskiya ne yawancin jarirai ba sa kamuwa, amma wanda ya kamu tozali ba ya cetonsa. Kwallin dutse ma yakan ƙunshi dalma mai illa ga ƙwaƙwalwar yaro, ga tsinken da ke yawo daga ido zuwa ido.

Hujjar da ta fi nauyi daga masana take zuwa. Ingila ta daɗe da daina wannan rigakafi, kuma ana fargabar yawan amfani da maganin kashe ƙwayoyin cuta na sa su bijire masa. Ban raina wannan magana ba, domin wasu ƙwayoyin ciwon sanyi sun riga sun taurare wa tetirasaikilin, man kuma ba ya tare kowace cuta. Sai dai Ingila ta dogara ne da kusancin asibiti: ido ya kumbura da safe, likita ya gani da hantsi. Tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968 ruwa ya shimfiɗu tsakanin ƙauyuka da dama, matar da ta haihu da dare a gungu sai gari ya waye, an sami kwalekwale da kuɗin fetur, sannan a nufi Yelwa. Wadda ba ta samu zuwa awo ba, ba wanda ya gwada ta balle ya yi mata magani. A irin wannan wuri kariya ko da ba cikakkiya ba ce tana da daraja, kuma ina ganin haƙƙi ne a kan hukumomin lafiya na Yauri da Ngaski da Shanga su tabbatar bututun nan na cikin kayan haihuwa na kowace ƙaramar cibiya, su koya wa ungozomomin gargajiya sa shi, tunda hannunsu ne ke karɓar haihuwar gida.

Amma idan mugunya ta riga ta fito, man kaɗai bai isa ba. Jaririn allura yake buƙata, uwa da uba kuma su ma a duba su a yi musu magani. Kada a jira suna, kada a ce mai jego ba ta fita, kada a sayi maganin ɗigo a kemis, domin wasu na haɗe da sinadarin sitiroyid da ke ƙara lalata idon da ya yi gyambo. A ranar da aka ga kumburin, a ranar za a kai shi Babban Asibitin Yauri ko asibiti mafi kusa.