Jar Fitilar Mai Ta Kama a Hanya: Kada Ka Ce "Bari Mu Ƙarasa Gari"

Duk ɗan Zangon Lome da ke harkar motoci ya san wannan hanya: a fito da mota daga wuraren ajiya na tashar jirgin ruwa, a biyo ta Agoe, a hau titin arewa zuwa Sinkase, tafiyar fiye da kilomita 600. Motocin nan sun sha aiki a Turai, sun kuma yi watanni a ajiye. A irin wannan tafiya na yi asarar inji guda, na kuma tsirar da wani, duk a kan fitila ɗaya: jar nan mai kama da buta.

Karo na farko kusa da Atakpame ne. Fitilar ta kama, na ce bari mu ƙarasa gari. Ba mu yi kilomita biyar ba inji ya buga. Riba ta tafi, har uwar kuɗi ta taɓu.

Abin da ban sani ba a lokacin shi ne, fitilar ba yawan baƙin mai take aunawa ba, ƙarfin turawarsa take aunawa. Famfo ne ke zuƙo mai daga kaskon ƙasa ya watsa shi cikin inji. A yawancin tsofaffin motoci, sai ƙarfin ya faɗi ƙasa da rabin ba take kamawa. Ke nan lokacin da ka gan ta, ƙarfe ya kusa fara cin ƙarfe.

Karo na biyu Carina E ce, a hawan dutsen Alejo, bayan Sokode. Yarona ya ce, "Alhaji, waya ce kawai, mu tafi." Na ce, "Kashe ta, ɗana." Ga abin da muka bi, daga mai arha zuwa mai tsada.

Mun jira minti biyar mai ya kwanta, muka zaro sandar awo. Da ya yi ƙasa, da sai a ƙara a nemi inda yake yoyo. Fitilar da ke ƙiftawa a kwana ko wajen taka birki, galibi ƙarancin mai ne. Namu a cike yake, amma baƙi ƙirin.

Muka duba wayar sensa, ba ta tsinke ba, ba ta taɓa jikin inji ba. Sensa kan lalace ta yi ƙarya, amma ido ba ya raba gardama. Aka ja mu zuwa Bafilo, makanike ya kwance sensar ya ɗaura agogon awo a gurbinta. Ƙa'idar da masu gyara ke bi ita ce a samu kamar ba 0.7 a kowane juyi 1,000 na inji idan ya yi zafi. Allurar da ƙyar ta motsa. Ashe sensa gaskiya ta faɗa.

Da aka sauke kasko, sai ga rariyar famfo ta toshe da dattin tsohon mai kamar kwalta. Aka wanke, aka sa sabon mai da filta, allura ta tashi. Da rariyar lafiya take, da sai a tuhumi famfon ko kuma metal ɗin inji, musamman idan fitilar na kamawa a silo bayan inji ya yi zafi. Zuba mai kauri irin 20W-50 yana ɓoye wannan ciwo ne, ba ya warkar da shi.

Ga 'yan'uwa masu saye kuma: kafin ka biya, murɗa makulli ba tare da ka tayar ba. Dole fitilar ta kama, ta kuma mutu cikin 'yan daƙiƙoƙi bayan inji ya tashi. In ba ta kama ba sam, wataƙila wani ya zare wayar ko ƙwan. Nan ma sai ka buɗe ido.

Kuɗin jan mota ba su kai kuɗin inji ba. Allah Ya kiyaye hanya, Ya sa albarka a nema.